Darasin Kimiyya: Ƙunshin Nano, Allurar Rigakafi da Yaƙi da Sankara

Darasinmu na yau a kan ƙunshi ne. Duk maganin da za a sa a jikin mutum, tambaya biyu ce a kansa. Ta farko, mene ne shi? Ta biyu, ta yaya zai kai inda ake so ya yi aiki, ba tare da ya lalace a hanya ko ya yi ɓarna a inda ba a aike shi ba? Littattafanku sun fi yawan magana a kan ta farko. Amma akwai magunguna masu kyau da suka shekara goma ko ashirin a ajiye a ɗakin gwaji, ba don ba sa aiki ba, sai don an rasa abin da za a ƙunshe su a ciki. Ta biyun za mu bi yau, daga ma'auni har zuwa gadon asibiti.

Ma'auni tukuna

Ku ɗauki mita ɗaya ku raba ta gida 1,000, kun sami milimita, wadda kuke gani a jikin rula. Ku raba milimita gida 1,000, kun sami maikuromita. Ku sake raba wannan gida 1,000, to kun iso nanomita. Ke nan nanomita biliyan ɗaya ne ke cikin mita guda.

Kaurin silin gashin kai ya kai kamar nanomita 80,000. Jar ƙwayar jini tana da faɗin kamar nanomita 7,000 zuwa 8,000. Ƙwayar cutar korona ba ta wuce kamar 100 ba. Ƙunshin da muke magana a kai, mafi yawansu suna tsakanin 20 da 200, wato girmansu ɗaya da na bairas. Ku riƙe wannan da kyau, domin rabin darasin a kansa ya tsaya: jikinmu ya daɗe da sanin yadda zai yi da duk baƙon abin da ya zo da girman bairas.

Ƙanƙanta tana kawo wani abu kuma. Ku zana ɗan cubi mai santimita 1 a kowane gefe. Faɗin fuskokinsa shida santimita murabba'i 6 ne. Idan aka yayyanka shi zuwa ƙananan cubi masu nanomita 100, nauyi bai canza ba, amma jimillar fuskokin ta koma mita murabba'i 60, ta fi daɓen wani ajin. A wannan girma, fuskar abu ce ke mulki. Abin da aka shafa a bayan ƙunshi shi ke yanke hukuncin wanda zai kama shi da inda zai sauka.

Bari in faɗi wata magana a nan tun da na san kun ji ta a gari lokacin korona. Nano sunan awo ne kawai, kamar yadda kilo yake sunan awo. Ba na'ura ba ce, ba kuma wani abu ne mai waya ko batir ba. Za ku ga abin da ake haɗa shi da shi yanzu.

Daga maiƙo aka fara

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu a lulluɓe take da wani siririn tantani na maiƙo. Maiƙon nan yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. Idan aka zuba shi a ruwa aka girgiza, da kansa yake jeruwa layi biyu, jela tana fuskantar jela, kawuna suna waje, sannan layin ya naɗe ya zama 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki. Wani masani ɗan Ingila mai suna Alec Bangham, a cibiyar bincike ta Babraham kusa da Kambirij, shi ya fara ganin haka da madubin ilektaron, ya wallafa a 1965. Ana kiran 'yan ƙwallayen nan lifosom.

Nan da nan masana suka ga amfaninsu: tun da cikinsu ruwa ne, ana iya ɗura magani. Amma sai da aka yi shekaru da dama kafin a kai ga asibiti. A 1995 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Doxil. Maganin da ke cikinsa tsohon maganin sankara ne mai suna dokzorubisin, wanda ke kashe sankara sosai amma yana raunana zuciya. Da aka ƙunshe shi a lifosom, maganin bai canza ba, amma hanyarsa ta canza: ya daɗe yana zagaya jini a rufe, zuciya ta rage shan sa, illarsa gare ta ta ragu ƙwarai. An fara ba da shi ne ga masu sankarar Kaposi, wadda ke yawan kama masu cutar ƙanjamau.

Ƙunshin da ya ɗauki mRNA

Yanzu mu zo ga wanda duniya ta fi sani. Sinadarin mRNA umarni ne a rubuce, wanda ƙwayar halitta ke karantawa ta ƙera furotin. Idan aka ba ta umarnin ƙera wani ɓangare na ƙwayar cuta, za ta ƙera, sojojin jiki su gani, su koyi kamanninsa kafin ainihin cutar ta zo. Dabara ce mai kyau, amma shinge uku ne a gabanta. Jini da fata cike suke da sinadaran da ke datse mRNA cikin mintuna. Yana da girma, kuma cajinsa negatif ne, don haka ba ya iya ratsa tantanin ƙwayar halitta. Sannan jiki yana ɗaukarsa a matsayin maƙiyi, ya tayar da kumburi. Shinge na uku Katalin Karikó da Drew Weissman suka kawar da shi a Jami'ar Fensilbaniya, a aikin da suka wallafa a 2005, inda suka sauya ɗaya daga cikin haruffan mRNA da wani ɗan uwansa da jiki ba ya firgita da shi. A kan haka aka ba su kyautar Nobel a 2023. Shinge biyun farko kuwa aikin ƙunshi ne.

Abu huɗu ake haɗawa. Akwai kolesterol, irin wanda ke jikinmu, da wani maiƙo irin na tantanin ƙwayar halitta, su biyun su ne ke riƙe ginin. Akwai maiƙo mai ɗauke da wani zare da ake kira PEG, wanda ke tsayawa a waje yana hana ƙunshi manne wa juna, yana kuma ƙayyade girmansa. Na huɗu shi ne zuciyar aikin, kuma a kansa zan daɗe.

Tun da mRNA negatif ne, maiƙo mai cajin fositif ake buƙata don ya rungume shi. An gwada irin wanda cajinsa ba ya sauka, sai aka tarar guba ne: yana manne wa duk abin da ya ci karo da shi a jini, yana fasa ƙwayoyin halitta. Mafita ta fito daga aikin Pieter Cullis da abokansa a birnin Bankuba na Kanada, ita ce maiƙon da ke sauya caji gwargwadon tsamin wurin da yake. A masana'anta ana narka maiƙon a etanol, a narka mRNA a ruwa mai ɗan tsami, kamar 4 a ma'aunin pH, a harbo su ta siraran bututu biyu su haɗu da ƙarfi. A wannan tsami maiƙon fositif ne, sai ya cafke mRNA, ƙunshi ya ƙullu da kansa. Daga baya a tace etanol ɗin a fitar. Idan aka yi allura, ruwan jiki yana kan 7.4, ba tsami, sai maiƙon ya sauke cajinsa ya yi lamo, ya wuce ba tare da ɓarna ba. Ƙwayar halitta ta haɗiye ƙunshin cikin wata 'yar jaka da ake kira endosom, wadda al'adarta ita ce ta riƙa ƙara tsami don narka abin da aka haɗiye. Tsamin nan shi ke sake tayar da cajin maiƙon, ya manne wa bangon jakar ya yage shi, mRNA ya zubo cikin ƙwayar halitta.

Ku lura da kyawun abin. Makamin da ƙwayar halitta ta tanada don hallaka baƙo, shi aka mayar mabuɗin ƙunshi. Duk da haka, kada ku ɗauka aikin ya cika: binciken da aka yi ya nuna kaso kaɗan ne ƙwarai na kayan ke samun fita daga jakar, sauran a can suke narkewa. Wanda ya fita ba ya shiga cibiyar ƙwayar halitta inda DNA yake. A waje ake karanta shi, kuma cikin 'yan kwanaki jiki ya narkar da shi.

Maganin farko da ya hau irin wannan ƙunshi shi ne Onpattro, a 2018, na wata cutar gado da ba a cika samu ba. Shekara biyu bayan haka korona ta zo ta tarar da hanya a share. A ranar 8 ga Disamba 2020, a birnin Kobentiri na Ingila, aka yi wa Margaret Keenan mai shekara 90 allurar Pfizer da BioNTech, ta zama ta farko a wajen gwaji. Abin da ke cikin allurar maikurogiram 30 ne na mRNA, ta Moderna kuma 100. Illoli sun bayyana, kuma ɗalibin kimiyya ba ya ɓoye su: ciwon hannu da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu sun yawaita, 'yan ƙalilan a cikin miliyan jikinsu ya yi mummunan bore nan take, an kuma sami kumburin tsokar zuciya jefi-jefi, musamman ga samari bayan allura ta biyu.

Ina ƙunshi ke zuwa?

Wanda ya taɓa ba da sautu a tasha ya san ɗaure kaya da kyau bai isa ba, sai an sa su a motar da za ta garin da ake nufi. A jiki, girma ne ke zaɓar mota. Abin da bai kai kamar nanomita 6 ba, ƙoda ce ke tace shi ya fita a fitsari. Abin da ya yi girma sosai, yana maƙalewa a inda aka yi allurar, ko hanta da saifa su tsince shi in ya shiga jini. Na tsakiya, daga kamar 10 zuwa 100, shi ke iya bin siraran hanyoyin ruwan jiki har ya kai kaluluwa.

Kun san kaluluwa. Idan mutum ya ji ciwo a ƙafa sai ta fito masa a matsematsi, in a hannu ne ta fito a hammata. Ba cuta ba ce ita kanta, barikin sojojin jiki ne ya cika da aiki. A can ne ƙwayoyin B masu ƙera antibodi da ƙwayoyin T masu kisa suke taruwa. A can kuma ake samun wata ƙwaya mai rassa da ake kira dendiritik, wadda aikinta shi ne ta haɗiye baƙon abu, ta yayyanka shi, ta ɗaga guntayen a bayanta tana nuna wa ƙwayoyin T. Ralph Steinman ne ya gano ta a 1973 a Jami'ar Rockefeller da ke Niyok. Sankarar fankiriyas ta kashe shi a 2011, kwana uku kafin a sanar da cewa ya ci kyautar Nobel. Ku riƙe sunan cutar nan, za mu dawo kanta.

Ƙwanso marar ƙwaya

Ba duka ƙunshin nano ne na maiƙo ba, kuma wanda ya fi kusa da ku ma ba shi ba ne. Wasu furotin na bayan bairas, idan aka ƙera su su kaɗai a cikin yis, da kansu suke haɗuwa su zama ƙwanso mai kama da bairas sak, amma ciki babu komai, don haka ba ya hayayyafa. Sojojin jiki suna ganin alama ɗaya a jere sau da yawa a bayansa, sai su tashi da ƙarfi fiye da yadda za su yi wa furotin guda a warwatse.

Allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai irin wannan ce, faɗinta kamar nanomita 22, kuma tun 1986 ake yin ta da yis. Allurar HPV ma haka, wadda ta samo tushe daga aikin Ian Frazer da Jian Zhou a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya, aka amince da ita a 2006. Nau'i na 16 da na 18 na bairas ɗin HPV su ke haddasa kamar kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura a watan Oktoba 2023. Ku duba, waɗannan biyun rigakafin sankara ne tun kafin ta zo, ɗaya ta hanta, ɗaya ta mahaifa, kuma a ganina babu wani abu a darasin nan da ya kai su amfani ga gidajenmu a yau.

Sai allurar zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, da aka ƙirƙira a Jami'ar Oksfod, kamfanin Serum na Indiya ke sarrafawa. An ɗauki ƙwanson ciwon hanta ɗin nan aka jera masa guntun furotin na ƙwayar maleriya a baya. Aka haɗa shi da wani ƙunshin na biyu mai suna Matrix-M, mai faɗin kamar nanomita 40, wanda ake yi da sinadarin ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile, aikinsa zaburar da sojojin jiki. Ghana ce ta fara amincewa da ita a watan Afrilu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a Oktoba na shekarar, sannan a Disamba 2024 aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Sankara: inda aka yi tuntuɓe, da inda aka juya

A 1986 wasu masana biyu na Japan, Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da curin sankara suna da ɓaraka, don a gaggauce suka tsiro. Sai aka yi fatan ƙunshin nano zai riƙa zurarewa ta ɓarakar ya taru a curin. A jikin ɓeraye abin ya yi kyau, aka kashe kuɗi da shekaru a kai. A 2016 Warren Chan da abokansa a Jami'ar Toronto suka tattara sakamakon binciken shekara goma, suka tarar matsakaicin abin da ke isa curin kashi 0.7 cikin 100 ne na abin da aka yi allura. Sauran fa? Da zarar ƙunshi ya shiga jini, furotin na jini sukan lulluɓe shi, hanta da saifa su gane shi su kwashe.

Idan gubar kashe sankara kake ɗauke da ita, wannan babbar asara ce, don dole sai ta taɓa ƙwayoyin sankara ɗaya bayan ɗaya. Amma ku yi tunani: su wa ke kwashe ƙunshin a saifa da kaluluwa? Sojojin jiki ne, har da dendiritik. To idan ba guba aka ƙunsa ba, umarni ne zuwa ga sojojin, ashe ƙunshin bai ɓata ba, ya je inda ya kamata. Ba sai ya nemi curin sankara ba. Ƙwayoyin T da aka horar su za su hayayyafa, su bi jini su neme ta duk inda ta ɓuya. Wannan juyin tunani shi ne abin da nake so ku fita da shi daga ajin nan.

Sankara tana da wuyar sha'ani ne saboda daga jikin mutum ta fito, sojoji suna ganin ta gida ce. Tana kuma danna wa ƙwayoyin T birki. James Allison a Amurka da Tasuku Honjo a Japan su suka gano yadda za a saki birkin, ɗaya ta hanyar birki mai suna CTLA-4, ɗaya ta mai suna PD-1, suka raba kyautar Nobel a 2018. Magungunan da suka fito daga aikinsu, irin su Keytruda, sun ceci mutane da dama, amma da yawa ba sa amfana, domin sakin birki ba ya amfani idan sojan bai san wanda zai bi ba. Aikin allurar ke nan. Ƙwayar sankara tana tara kurakurai a DNA ɗinta, wasu kurakuran suna haifar da furotin da babu irinsu a lafiyayyen jiki. Sai a cire curin da tiyata, a karanta DNA ɗinsa, a gwama da na jinin majinyacin, kwamfuta ta zaɓo baƙin alamomin da suka fi yiwuwa sojoji su gane, a rubuta su a mRNA, a ƙunshe. Allurar mutum ɗaya ce tak, ba za ta yi wa maƙwabcinsa aiki ba ko da sunan cutarsu ɗaya.

Gwaji biyu za ku rubuta. Na farko na Moderna da Merck ne, a kan melanoma, wata muguwar sankarar fata. Majinyata 157 da aka riga aka yi wa tiyata, wasu aka ba su Keytruda kaɗai, wasu aka haɗa musu da allura mai ɗauke da alamomi har 34. A sakamakon farko, haɗarin dawowar cutar ko mutuwa ya ragu da kashi 44 cikin 100 ga waɗanda aka haɗa wa. A 2023 aka shiga babban gwaji na mataki na uku.

Na biyu ƙarami ne amma ya fi koyar da mu. Likita Vinod Balachandran na asibitin Memorial Sloan Kettering a Niyok, tare da BioNTech, ya gwada a kan sankarar fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Wannan sankara tana cikin mafi kisa, ko an yi tiyata yawanci takan dawo. Ƙunshin da suka yi amfani da shi an daidaita cajinsa ne musamman don ya sauka a saifa, kuma ta jijiya ake ba da shi. Cikin majinyata 16, jikin 8 ya samar da ƙwayoyin T masu gane alamomin. A rahoton 2023, bayan bibiya ta kamar wata 18, babu wanda cutar ta dawo wa a cikin takwas ɗin nan, alhali a cikin takwas ɗin da jikinsu bai amsa ba ta dawo wa yawancinsu, a matsakaicin wata 13. Masu binciken sun kuma lura cewa akasarin waɗanda aka cire wa saifa a lokacin tiyata suna cikin waɗanda jikinsu bai amsa ba.

Ina roƙonku ku auna wannan da hankalin ɗalibin kimiyya. Mutum 16 ba sa tabbatar da magani, kuma mai yiwuwa waɗanda suka amsa dama can sojojin jikinsu sun fi ƙarfi. Shi ya sa ake gwaji mai rukuni biyu da ƙuri'a ke raba su. Idan wani ya ce muku an sami allurar warkar da sankara, ku tambaye shi mutum nawa, wace sankara, wane mataki na gwaji. Mai ciwo a gida kada ya bar tiyata ko maganin sankara na kemo da likita ya tsara yana jiran wannan.

Akwai kuma nauyin da ba na ɗakin gwaji ba. Allurar mutum ɗaya tana cin makonni kafin a gama haɗa ta, tana buƙatar na'urar karanta DNA da masana'anta mai tsafta ta musamman. Ajiya ma matsala ce: da farko allurar Pfizer sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili, ta Moderna 20 ƙasa da sifili, domin mRNA yana lalacewa a hankali ko a cikin ƙunshinsa. Ku kwatanta da R21 da allurar HPV da ke zama a firjin asibiti tsakanin digiri 2 da 8, za ku gane dalilin da ya sa su suka fi sauƙin isa ƙauye. Ana ƙoƙarin busar da ƙunshin ya zama gari mai jure zafi, ana kuma ƙoƙarin kawo sana'ar nahiyarmu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da fasahar mRNA a Kef Tawun a 2021, BioNTech kuma ya buɗe wurin masana'antarsa a Kigali a Disamba 2023. Wuraren nan masu ilimin kemistiri da harhaɗa magani suke nema, irin karatun da wasunku za su shiga.

Aikin gida

Ku zana ƙunshin mRNA da sassansa huɗu, ku nuna cajin maiƙo na huɗu a wuri uku: masana'anta, jini, da cikin endosom. Sannan ku amsa a shafi ɗaya: an ƙera ƙunshi iri biyu, ɗaya nanomita 50, ɗaya 500, aka yi allurarsu a dantse. Wanne zai riga isa kaluluwar hammata, kuma ta wace hanya ɗayan zai iya kaiwa can? A kawo ranar darasi na gaba, inda za mu shiga aikin ƙwayoyin T dalla-dalla.